Yadda Ake Hawan Hosere Vokre: Jagora Daga Garwa Zuwa Ƙololuwar Dutsen Poli

Mutumin Garwa ya san zafin kwarin Binuwai, ya san yadda watan Afrilu ke hana barci a ɗaki, amma ba kowa ya san cewa ƙasa da kilomita 150 kudu da gari akwai inda ake kwana ana rawar ɗari cikin bargo ba. Wurin shi ne Hosere Vokre, babban dutsen da ke tsaye a kudancin Poli, hedikwatar gundumar Faro a jihar Arewa ta ƙasar Kamaru. Tsayinsa mita 2,049 ne daga doron teku, ita kuwa Poli tana wajen mita 500. Ke nan mai hawa zai ɗaga jikinsa da kayansa sama har kimanin mita 1,500, a kan 'yar siririyar hanyar ƙafa, babu mota, babu babur, babu shago.

Abin da nake so matasanmu su riƙe tun daga farko shi ne dutsen nan yana da masu shi. Mutanen Dupa suna zaune a jikinsa tun kaka da kakanni, suna noma a gangarensa, Doyayo kuma suna kewayen Poli. Hanya da ruwa da masauki da labarin tsaro, duk abin da zai kai ka sama ya dawo da kai lafiya yana hannunsu. Wanda ya je da ladabin baƙo zai ga dutse ya ji daɗinsa. Wanda ya je da taurin kai da taswirar waya, wahala kawai zai kwaso.

Zaɓen lokaci

Kada ka kusanci dutsen da damina, wato daga Mayu zuwa Oktoba. Duwatsu suna santsi, ƙoramar da ka tsallake da safe tana iya cika ta hana ka komawa da yamma, tsawa kuma ta fi faɗawa wurare masu tsayi. Da zarar ruwa ya ɗauke ma ba a gaggawa. A ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba gamba ta fi mutum tsawo, ta rufe hanya, ba ka ganin inda kake sa ƙafa.

A ganina lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. An yi girbi, ciyawa ta fara kwanciya, rafuka ba su ƙafe ba, sararin sama kuma bai gama cika da ƙura ba. Janairu da Fabrairu ma ana hawa, kuma sanyinsu yana taimakon mai tafiya, sai dai hazo kan yi kauri har ka kai ƙololuwa ba ka hangi komai ba sai fari fat. Maris da Afrilu kuwa a bar su. Zafi a ƙasa yana haura digiri 40, idanun ruwa da yawa sun bushe, kuma ruwan da za ka iya ɗauka a baya ba zai ishe ka ba. Ka duba kalanda ma kada tafiyar ta faɗo cikin azumi.

Ka ware kwana huɗu ko biyar: yini ɗaya na zuwa Poli da ganin hukuma, kwana biyu ko uku a kan dutse, yini ɗaya na komawa. Akwai samari masu ji da ƙarfi da ke son a hau a sauko rana ɗaya. Ba na ba kowa wannan shawara.

Shirin jiki

Ƙwallon yamma ba ta isa shiri ba, domin jijiyoyin da ke aiki a hawa da sauka daban ne. Wata ɗaya da rabi kafin tafiya ka fara tafiyar ƙafa da jaka a baya, sau uku a mako, kana ƙara nisa da nauyi. Ranar hutu ka je duwatsun Tingelin da ke arewacin Garwa wajen hanyar Pitowa, ka hau ka sauko da takalmin da za ka tafi da shi. A can za ka gane ko gwiwarka tana da magana.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ya ga likita tukuna. Mai cutar sikila ya fi kowa bukatar wannan, domin sanyi da ƙishirwa da ƙarancin iska a sama duk suna tayar da ciwon. Ga mai lafiya kuwa, ciwon tsayi da ake ji a manyan duwatsun duniya yawanci sai an wuce mita 2,500 yake farawa, saboda haka a Vokre haki da gajiya ne abokan tafiyarka.

Kaya

Takalmi shi ne kan gaba. Ka nemi mai rufe idon sawu, mai kaushin ƙasa, wanda ya ɗan fi ƙafarka kaɗan. A layin 'yan gwanjo na babbar kasuwar Garwa ana samu idan an yi haƙurin tono. Kada ka tafi da sabo fil, sai ka taka shi makonni ya saba da ƙafarka. Safa mai kauri ƙafa uku, da silifas na yawo a masauki. Ka yanke farcen ƙafa kwana biyu kafin tashi, za ka ga amfaninsa ranar saukowa.

Dogon wando mai kauri da riga mai dogon hannu, saboda ciyawa tana yanka, ga kaska, ga karara wadda idan ƙaiƙayinta ya taɓa fata sai mutum ya manta da gajiya. Hula ko rawani na rana. Rigar sanyi ta gaske da bargo da hular sanyi na dare, domin duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga iskar hunturu da babu abin da ke tare ta a sama. Tabarma ko leda mai kauri ta shimfiɗa, gidan sauro, tocila ta ɗaurawa a goshi da batir na canji, ashana a cikin leda, 'yar tukunya, wuƙa, buta ƙarama, da sanda mai ƙwari wadda ta kai maka ƙirji.

Guzuri ya zama mara nauyi mai riƙe ciki: garin rogo da sukari da ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, dakuwa, zuma, ganyen shayi, da shinkafa ko taliya na dafawa da dare. Kilishi yana da daɗi a hanya amma yajinsa yana jawo ƙishirwa, ka bar shi sai an sauka a masauki. Ka lissafa da bakin ɗan jagora a cikin abincin. Ruwa kuma kowane mutum ya iya ɗaukar lita 3 zuwa 4, a goruna biyu ko uku, don idan ɗaya ta fashe kada a rasa duka.

A jakar magani a sa bandeji, filasta, aidin, farasitamol, man kaɗanya, ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs. Idan ka gama haɗawa ka ɗora jakar a kan sikeli. Kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka: mai kilo 70 ya tsaya a kilo 14, ruwa a ciki. Abin da ya haura, ko ka rage ko ka ɗauki ɗan dako a ƙauye.

Kuɗi kuma ka canza su tun a Garwa zuwa takardun sefa 500 da 1,000. Babu mai canjin 10,000 a kan dutse, kuɗin cikin waya kuwa ba su da amfani inda babu rezo, wato sabis ɗin waya.

Hanya da hukuma

Daga Garwa za a haye gadar Binuwai a bi babbar hanyar Ngaundere, a wuce Ngong, har mararrabar Poli, inda ake karyawa yamma. Duka tafiyar kusan kilomita 140 ce. Ka tambayi direbobin tasha halin da guntun hanyar daga mararraba zuwa Poli ke ciki, domin shi ke cin lokaci, sannan ka yi sammako don ka isa ofisoshi suna buɗe. Katin shaida ya kasance a aljihu, akwai shingayen bincike.

Maganar tsaro ba abin ɓoyewa ba ce. Tun wajen 2014 rikicin Boko Haram ya sa hawan duwatsun Mandara na bakin iyaka, a gundumomin Mayo Tsanaga da Mayo Sava, ya zama sai da dogon tunani. Poli tana nesa da can, amma jihar Arewa da Adamawa sun sha fama da 'yan tare hanya da masu garkuwa da mutane don kuɗin fansa, musamman a dazuzzukan makiyaya. Lamarin yana lafawa yana tashi, shi ya sa labarin bara ba ya amfani. Da ka sauka Poli ka wuce ofishin jandarma, ka faɗi sunayenku, inda kuka nufa, da ranar da za ku dawo. Idan suka ce a dakata, a dakata. Kada ka yi shelar tafiyar a Facebook kafin ka je, hotuna sa jira ka dawo. Amma mutum ɗaya a gida ya san komai, har ranar da idan bai ji ka ba zai fara kiran Poli.

Kada a tafi da bindiga ko tarko. Yankin yana tsakanin gandun dajin Faro da na Binuwai da filayen farauta masu lasisi, kuma jami'an gandun daji ba sa wasa da wanda suka gani da makami. Ku kasance mutum uku zuwa shida. Idan ɗaya ya ji ciwo, wani ya zauna da shi, wani ya tafi neman taimako tare da ɗan gari.

Kafin ka bar gari ka leƙa asibitin Poli ka tambaya ko akwai allurar dafin maciji a ajiye, ka karɓi lambar da za a kira. Dalilin yana tafe.

Jauro da ɗan jagora

Daga Poli masu babur za su kai ku ƙauyen gindin dutse, inda hanyar ƙafa ta fara. A nan ne tafiyar take gyaruwa ko ta lalace. Kada ku sauka daga babur ku kama hanya. Ku tambayi gidan jauro, wato mai garin ƙauyen, ku yi sallama, ku tuɓe takalmi idan an shimfiɗa tabarma, ku zauna ƙasa da inda yake zaune. Babban cikinku shi zai yi magana, sauran su yi shiru. A gaisa a tsanake, a tambayi gida da iyali da amfanin gona, sannan a ce:

"Baba, mu baƙinka ne daga Garwa. Mun zo ganin dutse, ba mu san hanya ba. Muna neman izininka, ka kuma haɗa mu da wanda zai yi mana jagora."

Sai a ajiye 'yar tsaraba a gabansa: goro, gishiri, sukari, ganyen shayi, sabulu, da ɗan abin da ya sawwaƙa a cikin ambulan. Ba lallai ne ya ji Hausa ba, Fulatanci ne harshen kasuwa a yankin, don haka a cikinku a sami mai jin sa sosai. Zai yiwu ya yi shiru, ya aika yaro, ya bar ku zaune rabin sa'a. Kada ka dinga duba agogo. A wannan zaman ne ake auna ku, kuma a nan ne za ku ji abin da babu shi a kowace taswira: wane rafi ne ke da ruwa bana, ina aka sa wuta jiya, ko an ga baƙin fuskoki a daji, wace unguwa ce ke zaman makoki ba a son a ratsa ta.

Da ɗan gari akan ci gari. Wanda jauro ya ba ku ya fi wanda ya tare ku a tasha yana cewa ya san ko'ina, domin na jauro yana da wanda zai yi wa bayani idan wani abu ya same ku, kuma yana da dangi a ƙauyukan sama da za su buɗe muku ƙofa. Ku yi ciniki a gaban shaidu tun kafin a ɗaga ƙafa: nawa ne kowace rana, kwana nawa, abincinsa a kan wa, zai ɗauki kaya ko jagora kawai. A ba shi rabi ya bar wa iyalinsa, rabi sai an sauko. Ina roƙon 'yan'uwa kada a matse shi a ciniki. Mutumin da zai bar aikin gonarsa ya riƙe ranka kwana uku bai cancanci a yi masa tayin wulaƙanci ba. Idan ya girme ka ka kira shi Baba ko Kawu, idan sa'anka ne ka kira shi da sunansa, ban da "kai yaro".

Ka tambaye shi tun a ƙasa abin da ba a yi. Akwai kurmi da duwatsu da wuraren kakanni da mutanen dutse ke girmamawa, ba a shiga, ba a yanke itace, ba a ɗaukar hoto. Ba sai ka yarda da abin da suka yarda da shi ba kafin ka kiyaye musu shi.

Ranar hawa

Ku kwana a gindin dutse, ku yi sallar asuba, ku karya da abu mai ɗumi, kowa ya sha ruwa rabin lita, ku kama hanya da zarar an fara ganin ƙasa, wajen ƙarfe 6. Sa'o'i huɗun farko su ne jarinku. Abin da ba ku hau ba kafin ƙarfe 10, da rana a ka za ku hau shi.

Ga yadda ake kintata lokaci. Masu hawan dutse suna lissafa sa'a ɗaya ga kowace kilomita 5, su ƙara sa'a ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan lissafin ƙwararru ne marasa kaya. Mu da muka fito daga fili, da jaka a baya, mu ɗauka mita 300 a sa'a. Ke nan mita 1,500 za ta ci sa'a biyar na hawa zalla, ban da nisa, ban da hutu. Shi ya sa ake raba ta kwana biyu.

Jagora a gaba, wanda ya fi kowa rauni a bayansa, mai ƙarfi a ƙarshe. Kada wani ya ɓace wa na bayansa da gani. Samari sukan tashi da gudu a sa'ar farko, kafin hantsi sun zube. Ka lura da matan dutse idan kun haɗu: tsohuwa da ƙwarya ko dami a ka, taku gajere, tafin ƙafa duka a ƙasa, ba ta sauri ba ta tsayawa, tana tafe tana hira da ta bayanta. Za ta wuce ku kuna zaune kuna haki, ta yi muku sannu, kafin ku miƙe ta sha kwana. Tafiyarta ita ce daidai. Ma'auninta kuwa mai sauƙi ne: idan ba ka iya yin magana kana tafe, ka yi sauri da yawa. Idan kun yi kiciɓis da masu kaya a hanya, ku ne za ku raɓe ta gefen dutse ku ba su wuri, ku kuma fara gaisuwa.

Hutu minti goma a kowace sa'a, a inuwa, a sauke jaka. A kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada a jira ƙishirwa, a jefa dabino ko gyaɗa a baki. Fitsari shi ke gaya maka gaskiya: idan ya yi ja ya ragu, ruwan jikinka ya yi ƙasa. Ciwon kai da jiri da ɗaurewar jijiyar sha-raɓa duk alamu ne. Sai a zauna a haɗa ruwan gishiri da sukari, idan babu na asibiti a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko tangaɗi, wannan bugun rana ne, kuma yana kisa. A kwantar da shi a inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, tafiya ta ƙare, sai neman hanyar asibiti.

Duk inda jagora ya nuna ruwa a cika goruna, ko da ba su yi rabi ba. Komai kyan ruwan a ido, shanu da mutane suna sama da ku. A tace da ƙyalle mai tsabta, a jefa ƙwaya a jira minti 30, ko a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, can kusa da ƙololuwa minti uku. A kududdufan ƙasa kada a yi wanka saboda tsargiya.

Hanya za ta ratsa gonaki masu hawa-hawa da aka tokare da jeren duwatsu. Kada ka taka bakin jeren don yanke, aikin shekaru ne, dutse ɗaya ya zame ƙasar gona ta bi ruwa. Inda hanya ta miƙe tsaye har sai an sa hannu, ka rataye sanda, ka tabbata gaɓoɓi uku suna riƙe kafin ka motsa na huɗu, ka girgiza dutse kafin ka ɗora masa nauyi, kada kuma ka cusa hannu a ramin da ba ka ga cikinsa ba. Ku ba juna tazara. Wanda ya turo dutse ya yi ihu "Dutse!" nan take. Da ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, tsaya ka manna filasta tun bai yi bororo ba.

Sannan ka shirya wa yaudarar ido. Sau da yawa za ka hangi tudu ka ce shi ke nan, ka kai ka tarar da wani a bayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka daina tambayar jagora saura nawa, zai ce maka an kusa don ya kwantar maka da hankali.

Kwana a sama

Ku yi ƙoƙarin isa ƙauyen da za ku kwana kafin la'asar. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 6, duhu kuma ba ya jira. Jagora zai kai ku wurin mai gida, a sake gaisuwa da tsaraba. Inda aka nuna muku nan za ku shimfiɗa, itace da ruwa a saya ko a roƙa, kada a ɗiba kai tsaye. Za a iya miƙo muku giyar dawa, domin ita ce karramawar baƙo a wurinsu. Ka sa hannu a ƙirji ka yi godiya, ka ce addininka ya hana, ka nemi ruwa. Ba a ɓata fuska, ba a wa'azi a gidan wanda ya ba ka masauki. Hoton mutum kuma sai da izininsa.

Nisan Garwa zuwa Poli ya wuce na kasaru, saboda haka matafiyi yana da sauƙin sallah, idan ruwa ya yi ƙaranci ga taimama. Alƙibla daga nan tana gabas maso arewa, kusan digiri 60 daga arewa idan kana da kamfas a waya. Ka canza rigar da ta jiƙe da gumi tun kafin sanyi ya sauko, ka shafa man kaɗanya a leɓe da ƙafa, ka sa waya da batir cikin bargo don sanyi yana zuƙe caji. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa, kunama tana son ɗuminsa.

Ƙololuwa

Ku bar manyan kaya a masauki, ku ɗauki ruwa da guzuri da rigar sanyi da tocila da jakar magani. Tun da dare ku yanke lokacin juyawa, misali ƙarfe 12 na rana: ko an kai ko ba a kai ba, idan ya yi a juya. Wannan alƙawari yana da wuyar cikawa idan ƙololuwa tana gabanka, shi ya sa ake ɗaukarsa tun ana zaune. Can sama itatuwa suna raguwa, sai ciyawa da iska. Ranar da sama ta washe za ka ga jerin duwatsun Poli a ƙarƙashinka da shimfiɗar ƙasar Faro har iyakar gani. Rabin sa'a ta isa. Ku kwashe ledojinku da gwangwani ku sauko da su, kada a rubuta suna a jikin dutse. Idan hazo ya rufe ko hadari ya taso, ku bi bayan jagora ƙafa da ƙafa ku bar tsayi.

Saukowa

A nan aka fi jin ciwo. Jiki ya gaji, hankali ya koma gida, gwiwa kuma tana ɗaukar nauyin da ya fi na hawa. Ka ɗaure igiyar takalmi tamau don kada yatsu su dinga dukan gaba. Ka ɗan lanƙwasa gwiwa, taku gajere, sanda tana riga ƙafa sauka. Inda gangare ya yi tsanani ka juya gefe ka sauka a karkace, inda ya fi haka ka fuskanci dutse ka sauka da baya. Tsakuwa a kan falalen dutse, musamman inda toka ta rufe ta bayan ƙunar daji, kamar gero ce da aka watsa a kan siminti. Kada ka kama busasshiyar ciyawa don tsira, tana tugewa. Kada ka yi gudu, kada ka yanke hanya. Wanda ya yi targaɗe a ɗaure masa bandeji, a raba kayansa, a tafi da saurinsa.

Lokacin ƙunar daji ne, don haka a sa ido kan hayaƙi. Wuta ta fi gudu idan tana hawa tudu, ba a tsere mata ta sama. A nemi inda ya riga ya ƙone, ko falalen dutse, ko a ratse gefe. Ku ma kada ku bar garwashi a inda kuka dafa shayi.

Maciji

Kwarin Binuwai da ƙasar Poli suna cikin wuraren da kububuwa ta yi yawa, ga kasa, ga gamsheƙa. An fi haɗuwa da su a gonaki da gindin dutse, da yamma da dare. Takalmi rufaffe, dogon wando, tocila ko fitsari za ka fita, da duba inda za ka zauna, sun rage yawancin haɗarin.

Idan ƙaddara ta faɗa, a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a ɗaure gaɓar da sanda yadda ake wa karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya da igiya. Baƙin dutsen da ake mannawa ba ya zuƙe dafi, ɓata lokaci ne kawai. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum zai iya zama garau da farko, daga baya dasashi da tsohon rauni su fara zubar da jini, saboda haka kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, farasitamol kaɗai. Maganinsa allurar dafi ce a asibiti. Jagora ya san wanda zai kira a ƙauye a haɗa makara, ɗayanku kuma ya nemi inda rezo ke kamawa ya kira lambar da kuka karɓa a Poli. Wanda gamsheƙa ta tofa wa dafi a ido a wanke shi da ruwa mai yawa nan da nan, sannan a tafi asibiti.

Bayan an sauko

Ku koma gidan jauro ku yi ban gajiya, ku cika wa jagora kuɗinsa a gabansa, idan kun ga ya kyautata ku ƙara masa. Idan kun yi alƙawarin hoto ku wanke ku aika da masu babur. Ku biya ofishin jandarma ku ce kun dawo, don kada a tashi nemanku. Cinya za ta yi tsami kwana biyu ko uku, wannan ba komai. Amma zazzaɓin da ya zo cikin mako biyu a je a yi gwajin maleriya, a kuma gaya wa likita an kwana a daji, ko an cire kaska a jiki. Wanda ya shiga ruwan kududdufi ya ga jini a fitsari bayan wasu makonni ya je a duba tsargiya, maganinta yana nan a asibitocin Garwa.